BUGU BIYU A BAKIN SHINGE

Shafi na 19

Jama'a, ku sassauta min. Wata ta turo saƙo ta ce in har na bari wani abu ya sami Auta, ni da ita har abada. Baiwar Allah, ni ma ba da son raina ba ne. Ku dai gyara zama.

*

Bugu biyu aka yi.

Uwar Biyu tana cikin tantin binciken mata, hannunta tsamo-tsamo a ƙullin kayan wata tsohuwa, ta ji shi. Kwas, kwas, a jikin bangon kwano. Duk wanda ya taɓa bin layin shingen nan ya san abin da ake nufi. Namijin da sojoji suka ga tabo a kafaɗarsa, sai a tuɓe masa riga a tsayar da shi gaban ɗan ɗakin langa-langan da ke gefen buhunan yashi. Ɗakin ba taga, sai wata 'yar ɓula da ba ta wuce bakin kwalba ba. A ciki Mai Ido yake zaune, tubabben ɗan daji da aka ce ya san fuskar duk wanda ya taɓa riƙe bindiga a can. Ba wanda ya taɓa ganinsa. In ya buga sau ɗaya, ka ɗauki rigarka ka wuce. In ya buga biyu, motar yamma ce taka, kuma har yau ba a ga wanda motar yamma ta dawo da shi ba.

Ta ce a ranta, Allah sarki, yau kuma ɗan wa? Ta ci gaba da lalube. Aikinta ke nan tun da aka kafa shingen. Ta shafa ƙugun mata, ta kwance goyo, ta shinshina galan ko fetur ne aka ce man girki, ta auna gishiri da ido kada ya wuce wanda Oga, shugaban sojojin shingen, ya yarda a fita da shi. Sai da ta ji an ce "Yaya" sannan ƙullin ya suɓuce daga hannunta.

Auta ne. Ƙaninta, uwa ɗaya uba ɗaya, mutumin da ko kaza aka ce ya yanka sai ya kawar da kai. Tun da aka hana noma a bayan shinge ya koma ɗaukar ruwa daga rafi, sanda a kafaɗa, garwa gaba garwa baya. Kafaɗarsa ta dama ta yi kanta, ta yi baƙi. Sojojin da suka san shi an ɗauke su a makon nan, sababbin kuwa ba su san uban kowa ba. Sun ga kanta, sun ce madaurin bindiga ne. Yanzu ga shi an tsugunar da shi a gindin ganga, an ɗaure masa hannu ta baya da igiyar garwarsa.

Ta fito ba ko takalmi. Matan da ɗazu-ɗazu suke "Uwar Biyu, a yi mana da sauri, rana", suka dare mata kamar mai ƙyanda. Mutane ke nan. Ba wai sun yarda Auta ɗan daji ba ne, sun san shi tun yana rarrafe. Amma Mai Ido ya buga, gidan da aka buga wa biyu kuwa ba a shigarsa ko da ɗibar wuta. Ita ma ta sani, don ita da kanta ta daina gaisa da matar mai gyaran keke tun ranar da aka tafi da mijinta.

Cikin tsofaffin sojojin, Kofur kaɗai aka bari, wani mai furfura a gemu da ciwon gwiwa. Shi ta nufa. Ta rantse masa da Allah, ta ce a kawo sandar a ɗora a ga inda take zama, ta ce ya tambayi duk wanda ke layin nan wa ke kai masa ruwa. Kofur ya saurare ta har ƙarshe, idonsa a ƙasa. Ya ce ya san Auta, ko jiya ruwansa ya sha. Amma Oga ya tafi shingen gada, kuma ko yana nan, bugun Mai Ido ba a kwance shi. Da za a kwance sau ɗaya, gobe kowa sai ya zo da yayarsa.

"To a bar ni in gan shi," ta ce.

"Wa?"

"Mai Idon."

Kofur ya waiga hagu da dama. Ya ce kada ta sake faɗin haka a bainar jama'a in tana son kanta. Ya juya ya tafi, ta bi bayansa da kallo, zuciyarta na tafasa. Ta tsane shi a lokacin, tsana ta gaske.

Can da rana ta take, layi ya tsaya don sojoji su ci abinci, sai ga shi ya biyo ta bayan tantinta da kwanon abinci a hannu. Ƙofar ɗakin langa-langan ta baya take, ba a ganinta daga hanya. Ya buɗe kwaɗon, ya ajiye kwanon a dokin ƙofa, ya tsaya yana magana da iska. Wai cikinsa ya ɓaci tun safe, in ya shiga bayi yakan daɗe. Ya tafi yana ɗingishi, kwaɗon na reto.

Ta ɗauki kwanon ta shiga.

Zafi ne ya fara marinta, sai warin gumi da na bokitin fitsari. Duhu, in ban da zaren hasken da ke shigowa ta ɓular. Wani mutum na zaune a kan benci, ya naɗe kansa da fuskarsa da tsumma, dutse a hannunsa, ɗan madaidaici irin na daka yaji. Ashe wannan ne. Wannan busasshen abin ne gari guda yake tsoro.

Ta durƙusa. Ta ce ita ce mai binciken mata, wanda ya buga wa biyu ɗazu ƙaninta ne, ɗan garuwa ne, bai taɓa kwana a waje ba. Ta ce ya dubi Allah ya sake duba shi, wataƙila kama ce ta yi yawa. Ta ce mahaifiyarsu na kwance, in aka tafi da Auta gawa biyu za a yi. Ta yi ta magana har yawunta ya ƙafe. Sai dutsen ya faɗo daga hannun mutumin.

Ta tura masa kwanon. Ya miƙo hannu, hannun ya wuce ta gefe. Ya dawo da shi yana shafa ƙasa, ya sake wucewa. A karo na uku hannun ya ratsa ta cikin zaren hasken, ta ga babban yatsan. Farcen a tsage yake gida biyu, tsagewar da allurar keken ɗinki ta yi masa tun suna amare, wadda ba ta taɓa haɗewa ba.

Numfashinta ya tsaya.

"'Yan biyun sun fara tafiya?" ya ce.

Muryar ta dushe, ta tsufa, amma tasa ce. Tela. Mijinta, wanda 'yan daji suka kwashe tare da mazan layinsu ranar da aka ƙona kasuwa, ita tana jego. Wanda aka kawo mata hularsa da jini, aka yi mata ta'aziyya, ta sayar da kekensa ta ciyar da yara.

Ba ta yi ihu ba. Ta kai hannu ta warware tsumman da kanta. Shi ne, sai dai an zuƙe shi, gemu ya cinye fuskar. Ta kalli idanunsa, su kuma suna kallon wani wuri a saman kafaɗarta. Sun yi fari-fari kamar ruwan wankin shinkafa.

"Baban Biyu."

"Na'am."

"Kana raye."

"Haka dai."

"Tun yaushe kake nan?"

Ya ce tun kafin damina. Ya ce kullum yana jin ta. Yana jin tana faɗa da masu ɓoye batir a cikin gashi, yana jin dariyarta, ranar da ta yi mura ma ya sani. Bango ɗaya ne tsakaninsu, na kwano. Sau da yawa ya buɗe baki zai kira ta, sai ya tuna abin da garin zai yi mata da yaran in aka san wane ne Mai Ido.

Tausayi ya taso mata, fushi ya danne shi. Ta ɗaga hannu ta kaɗa a gaban fuskarsa. Ko ƙiftawa bai yi ba.

"Ba ka gani."

Ya kawar da kai.

"Magana nake. Ba ka gani?"

"Ina ganin haske da duhu."

"Fuska fa?"

"A'a."

Ta zauna daɓas a ƙasa. Ya fara bayani da sauri, kamar mai tsoron a katse shi. A daji ɗinki suka sa shi, kayan sawa da jakunkunan harsashi. Wata rana wani abu ya fashe kusa da shi, hayaƙin ya shiga idonsa. Da ya samu ya gudo ya miƙa kansa, yana ɗan gani, kuma na farkon da ya nuna da gaske ya san su. Daga baya ganin ya yi ta raguwa har ya ɗauke. Ya rasa yadda zai faɗa. Tubabben da ba ya nuna kowa ba shi da amfani, wanda ba shi da amfani kuwa ya san inda ake kai shi. In ya kwana biyu bai buga biyu ba, abinci ma ba ya zuwa.

"To da me kake zaɓa?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce da kunne. In ya ji soja ya daɗe yana yi wa mutum tsawa, ko ya ji mutum na jan ƙafa, ko numfashinsa na rawa. Wani lokacin kuma ba komai. Yunwa ce kawai.

Nan fuskoki suka fara zuwar mata. Mai gyaran keke. Ɗan ladan, da aka ce ashe munafuki ne, ubansa ya daina fita. Direban nan mai barkwanci da matarsa ta haihu bayan an tafi da shi, ba wanda ya je barka. Ita da bakinta ta sha gaya wa mata a tanti cewa Mai Ido ba ya kuskure, kowa ya tsare gaskiyarsa ba abin da zai same shi.

"Ban san Auta ba ne," ya ce. "Ba a barin su su yi magana a gaban ɓular. Sai da na ji ya kira ki. Wallahi da na sani..."

"Da ka buga wa ɗan wata."

Bai musa ba. Hawaye na bin gemunsa, daga idanun da ba su da sauran aiki sai wannan.

Ta roƙe shi ya sake bugawa ya nuna kuskure ya yi. Ya ce ba a yi, ba a taɓa yi ba. Ta ce to ita za ta fita ta tsaya a tsakiyar layi ta faɗa wa duniya cewa makaho ne a ɗakin, a kawo yatsu a ƙirga masa a gani. Ya ce ta faɗa. Ya ce ya gaji, dama ya daɗe da mutuwa a wurinta, ba sabon abu za ta rasa ba. Abu ɗaya ya roƙa, kada ta ce mijinta ne. Akwai gidaje a garin nan da in suka ji, ita da yaran ba za su kwana da rai ba.

Ta dube shi. Uban 'ya'yanta. Mutumin da ya taɓa kwana yana ɗinka mata riga don kawai ta ce ta ga irinta a jikin wata. In ta yi shiru, Auta ya tafi. In ta yi magana, wannan ya tafi. Ta miƙe, ba ta ma san wanne ta zaɓa ba.

Ƙofar ta buɗe kafin ta taɓa ta.

Oga ne, da ƙurar hanya a takalminsa. Kofur na bayansa, an karɓe masa bindiga, fuskarsa ta yi toka. Oga ba mai tsawa ba ne, abin da ya sa ake tsoronsa ke nan. Ya shigo ya ja ƙofar, ɗakin ya ƙara matsewa. Ya tambaye ta, cikin ladabi har da "Madam", me ta zo nema.

Tsoro ya riga ya wuce mata. Ta ce mutumin nan ba ya gani. Duk wanda aka ɗauka da bugunsa, zalunci aka yi. A kwance ƙaninta.

Oga ya kalle ta, ya kalli Tela, ya ɗan yi murmushin gajiya.

"Kina tsammani ban sani ba?"

Tela ya ɗago kai da sauri.

"Tun ranar da ya zubar da shayi a ƙafata na sani," in ji Oga. "Na kuma san mijinki ne. Kina tsammani haka kawai aka ɗauke ki aiki?"

Ya jingina da langa-langan ya yi mata bayani a hankali, kamar malami da ɗaliba. Ya ce yana da sojoji kaɗan, hanya doguwa, daji ta ko'ina. Ba zai iya bin kowa gida ba. Amma tun da aka kafa ɗakin nan, mai kai wa 'yan daji fetur ya daina, mai kai musu magani ya daina, uba na tsare ɗansa, maƙwabci na tsare maƙwabci. Ba a sake ƙona kasuwa ba. Ya ce ba ido yake buƙata ba, ƙarar yake buƙata. Ranar da garin ya san ɗakin nan fanko ne, ranar shingen ya zama tayoyi da ganga kawai, kuma ita ta fi kowa sanin abin da zai biyo baya.

"Mutane fa?" ta ce. "Waɗanda aka tafi da su?"

"Wasu a cikinsu masu laifi ne."

"Sauran fa?"

Ya duba agogonsa.

Ya ce yanzu matsalarsa biyu. Ta farko, ta ga abin da bai kamata ta gani ba, kuma wanda ya san sirrin ɗakin nan, ko dai ya zama na ɗakin ko ya hau mota. Ta biyu, ya riga ya gaya wa na sama ta rediyon oba-oba cewa an kama mutum ɗaya. Ba su tambayi ko wane ne ba, ba sa tambaya. Amma motar ba ta komawa wayam.

Ya sunkuya ya ɗauki dutsen daga ƙasa, ya hure ƙurar jikinsa.

"Ke kina gani. Kin san kowa a garin nan, kin san abin da matansu ke ɓoyewa a zani. Kin fi shi dacewa da kujerar nan tun farko."

"Ranka ya daɗe, kada ka sa ta," in ji Tela. "Ni ka ɗauka. Ga ni."

"Ita za ta faɗa."

Ya ce akwai sauran maza masu tabo da aka ware tun safe, ba a kai ga nuna su ba. Za a jero su yanzu. In ta buga wa ɗaya biyu, zai kwance Auta, ya ce an sami wanda ake nema na gaskiya, kama ce ta sa aka yi kuskure. In ta sallame su duka, to tsakanin ƙaninta da mijinta ta nuna masa wanda zai hau.

Ya kama hannunta ya sa mata dutsen. Da ɗumin hannun Tela a jikinsa har yanzu.

Ba ta san lokacin da ta zauna a bencin ba. Ta kai idonta ɓular. Duk shingen ya dawo ɗan ƙarami, zagayayye. Ga tantinta, ga tsohuwar ɗazu na zaune a kan ƙullinta tana jira. Ga Auta a gindin ganga, leɓensa ya bushe, yana ta waige-waige yana neman ta. Can bayan tayoyin kuma ga motar ta iso da wuri, direban ya bar injin a kunne.

Aka tsayar da na farko. Mai faskare ne, dattijo, haƙarƙarinsa a waje. Ta buga ɗaya. Ya ɗauki rigarsa yana hamdala.

Na biyu ɗan dako ne a tasha, ta san matarsa, ciki gare ta. Ɗaya.

Na uku ba ta san shi ba. Baƙo ne, wataƙila daga ƙauyukan ƙetare. Zuciyarta ta ce ga shi nan, ba wanda zai yi kukansa a garin nan. Ta ɗaga dutsen. Sai mutumin ya juya ya ɗaga wa wata yarinya hannu a layin mata, alamar ta kwantar da hankalinta. Ɗaya.

"Kina ɓata min lokaci," in ji Oga a bayanta, a hankali.

Tela na gefe yana karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa. Gumi na shiga mata ido. Wani ya zo, ta buga ɗaya. Wani ya zo, ɗaya. Direban motar ya danna ham.

"Saura mutum ɗaya."

Aka turo shi gaban ɓular. Abokin ɗaukar ruwan Auta ne, kantarsa iri ɗaya da tasa, a kafaɗa ɗaya. Katangar gidansu ɗaya da ita. A hannun matarsa ta bar 'yan biyunta yau da safe, kamar kullum, kuma a daidai wannan lokacin wataƙila tana ba su abinci a baki. Ya tsaya ya rungume hannu a ƙirji, ya kalli ɓular kai tsaye, yana ƙoƙarin yin fuskar mutumin kirki. Bai san idon wa yake kallo ba.

A bayansa, soja ya riga ya ɗaga Auta tsaye, ya fara jan shi wajen motar.

Uwar Biyu ta buga ɗaya.

Mutumin ya sauke ajiyar zuciya, ya sunkuya zai ɗauki rigarsa.

Hannunta bai sauko ba.